Sunan da aka soke da jan alƙalami

Jawabin da aka karanta a taron ƙungiyarmu na bayan sallar layya, a madadin kwamitin tarihin gari.



Shugaban ƙungiya ya ce mu ba da bayanin aikin da aka ɗora mana bara, mu huɗu: mushen lakwal biyu, da malamin da ke yi wa maigari rubutu, da tsohon soja guda. Da yawanku kun san mafarin maganar, amma saboda ƴan ci-rani da ba su nan sa'ad da abin ya faru, bari mu maimaita. Bayan an shigar da hatsi rumbu, wasu baƙi biyu suka sauka daga motar Babura, wani tela mai ƴar furfura da ɗansa saurayi, Hausarsu ta Kano tsantsa. Suka ce kakansu ɗan garin nan ne. Ba su zo da takarda ko ɗaya ba. Abu uku kawai suka riƙe: laƙabin kakan, da cewa gidansu maƙera ne, da labarin cewa ya fita da dare, shi da uwarsa da jaki guda, shekarar da ake kamun mutane aikin hanya. Gidajen maƙera biyu gare mu, tushensu ɗaya. Gida ɗaya ya ba su ruwa da tabarma, ɗayan ya ce bai san su ba. Ba sai mun ɓoye ba, kowa ya san abin da ya hana: tsoron kada maganar zumunta ta rikiɗe ta zama maganar gona. Baƙin suka kwana biyu suka koma ba daɗi, aka ce mu bincika. Ba za mu kama sunan kowa ba, don masu gidan ga su nan zaune cikinmu. Shi wanda ya tafin za mu riƙa ce masa Ƙane, don shi ne ƙarami cikin maza uku.

Da farko sai mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa, don dukansu ƙidaya muke ce musu. Akwai ƙidayar ƙasa, wadda ake bi gida gida. An yi ta farko a 1977, aka sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar. Aka yi ta 1988, miliyan 7 da ɗoriya. Ta 2001, miliyan 11. Ta 2012, miliyan 17. A wannan ta 2012 gundumar Magarya ta haura mutum dubu 570, ta Dungas kuwa, da aka cire daga jikin Magarya a 2011, ta haura dubu 350. Wannan ƙidaya tana gaya wa gwamnati aji nawa za a gina da rijiya nawa za a haƙa, amma mai neman kakansa ba abin da za ta ba shi, don doka ta hana a fitar da sunan kowa daga cikinta, adadi kawai ake bugawa. A wasu ƙasashe akan buɗe sunayen in an daɗe: Amurka bayan shekara 72, shi ya sa suka buɗe ta 1950 a 2022, Faransa bayan shekara 75, Ingila bayan shekara 100. Can mutum kan zauna gaban kwamfuta ya ga kakansa da titin da ya zauna da sana'arsa. Mu tamu ta farko ma ba ta kai wannan shekaru ba, kuma Ƙane ya tafi tun kafin a yi ta da nisa.

Ɗayar ƙidayar ita ce wadda dattawa suka fi sani, ƙidayar lanho. Ita ce mai suna. Iyayenmu da ke nan sun ga ƙarshenta da idonsu, sun fi mu iya ba da labari. Kwamanda ko mataimakinsa ya zo rangadi da tafinta da gardi biyu ko uku, a kafa tebur gindin itace, a tara gari kaf. A kira maigida ya tsaya da matansa da ɗiyansa da duk wanda ke ci daga tukunyarsa. A rubuta suna, a dubi fuska a yanka wa mutum shekaru, a sa alama ko ya isa biya ko bai isa ba, ko tsoho ne ko miskini da aka yafe wa. A ƙirga shanu da awaki da jakai. Can ƙarshen layi akwai wurin bayani, nan ake sa ya mutu, ko ya tashi, ko ya gudu. Daga wannan kundi ake fitar da abin da gari zai biya, kuma maigari ne ke ɗauke da shi a wuyansa har ya cika.

To, ku riƙe wannan, don duk sauran maganarmu a kansa take: ba don a tuna da mu aka yi kundin nan ba, don a karɓa daga gare mu aka yi shi. Kakanninmu kuwa sun san haka sarai. Saboda haka wanda ya rubuta yana da manufarsa, wanda aka rubuta shi ma yana da tasa dabarar.

Mun yi sa'a guda. Marigayi malamin tsohon maigari mutum ne mai adana takarda. Cikin adakarsa ta ƙarfe muka tarar da kundi uku na garin nan, ɗaure da tsumma. Gara ta ci bangon na farko da shafin da shekara take. Amma mun gane ya girmi 1946, don a cikinsa akwai layin da ake sa alama gaban mazan da suka isa aikin dole, aikin dole kuwa a watan Afrilu na 1946 aka soke shi, da dokar da ake kira da sunan Hufuwet Buwanyi, wanda ya zama shugaban Kodebuwa daga baya. Na biyu ya biyo shi da ƴan shekaru, hannun marubucin ma ɗaya ne. Na uku na bayan mulkin kai ne, da hatimin jamhuriya.

Kwana uku muka yi muna neman Ƙane cikin kundin farko ba mu gan shi ba, har ɗayanmu ya fara cewa ko baƙin nan gari suka ɓata. Ashe laifinmu ne: laƙabi muke nema, kundi kuwa sunan yanka ya rubuta, kuma da rubutun Faransanci. Mu da muka yi lakwal da Faransanci ya kamata mu fara tunawa da wannan, sai ga shi tsohon sojanmu ne ya tuna mana. Marubutan zamanin nan abin da kunnensu ya ji daga bakin tafinta shi suke sawa. Muhammadu ya zama Mamane ko Mahaman ko Maman. Abubakar ya zama Boubacar ko Habou ko Boukari. Ibrahim ya zama Brah ko Ibro. In mutumin ya tsallaka iyaka, can kuma Abubakar ɗin nan Garba ne, Usman Shehu ne, Muhammadu Mamman ne. Mutum ɗaya sai ya tashi da suna huɗu. Ga kuma alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, ko gaban kwamanda, sai ta ba da wani abin da ake kiransa da shi, a rubuta. Shekaru kuwa kada ma ku dogara da su. Kusan kowa an sa masa "né vers", watau an haife shi wajen shekara kaza, kuma shekarun duk masu sifiri ne a ƙarshe, sai ka ce matan garin nan ba su haihuwa sai shekara goma goma. Har yau wannan ciwo bai rabu da mu ba: ku dubi takardun jijima na ɗiyanmu, ku ga nawa ne aka ce an haifa ran ɗaya ga Janairu.

Da muka bar neman suna muka koma neman gida, sai ga shi. Maƙeri, ya rasu, an soke sunansa, matarsa gwauruwa, maza uku a jere, babba da mata biyu, na tsakiya da mata ɗaya, ƙarami ba aure, awaki huɗu, jaki biyu. Dukan mazan uku da alamar aikin dole gabansu. Muka buɗe kundi na biyu. Babba na nan, na tsakiya na nan. Ƙarami an ja masa layi da jan alƙalami, a gefe an sa haruffan nan uku da duk wanda ya taɓa aikin biro ya sani, DCD, watau ya mutu. Uwar ma haka, ta mutu. Jaki ya koma ɗaya.

Da takarda kaɗai muka bi, da nan aikin ya ƙare: mu rubuta wa tela mu ce wanda kake nema ya mutu ba aure, ba shi da jika, ka nemi danginka wani gari. Gidan da ya ƙi karɓarsu ma da ya sami hujja mai hatimi. Abin da ya tsayar da mu jakin nan ne. Mutum biyu sun mutu tsakanin ƙidaya biyu, wannan ba abin mamaki ba ne a zamanin. Amma mutum biyu da jaki guda, daidai yadda baƙin suka faɗa, ba tare da sun taɓa ganin kundin ba?

Sai muka tafi wajen Kaka, ɗiyar babban wan, wadda ta haura shekara 90, idonta ya tafi amma hankalinta garau. Muka gaishe ta, muka karanta mata sunayen gidan ubanta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce duk haka ne, amma ina nata sunan? Muka duba, babu. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ranar ƙidaya cikin rumbu aka saka ta ita da wata ƴar'uwarta, aka rufe, aka ce in suka yi motsi bature zai tafi da su. Sun wuni suna cin ɗanyen gero. Ashe mai ba mu shaidar ita kanta kundi bai san da ita ba. Da muka zo kan jan layin, sai ta daina dariya. Ta ce Baba Ƙarami bai mutu ba, ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba. An zo kamun mutane karo na biyu cikin shekara guda, ya dawo daga na farko ƙafarsa a kumbure, uwarsa ta ce ba za a sake kai shi ba tana da rai. Suka ɗaure tabarma da ƴan kayan ƙira bisa jaki, suka bi ta cikin gonaki suka yi kudu. Da aka dawo ƙidaya, tsohon maigari da babban wa suka haɗa baki suka ce ciwo ya kashe su. Dalili kuwa a fili yake: in aka ce gudu suka yi, lanhonsu na nan kan gida, a kama wa a madadin ƙane, maigari kuma ya sha tara ko abin da ya fi tara. In aka ce mutuwa ce, an soke suna, magana ta ƙare.

Abin da Kaka ta faɗa ya dace da abin da aka sani na zamanin. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 masu mulkin ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma suna bayan gwamnatin Bishi, Ingilishi kuwa abokan gabarsu ne, aka tsananta tsaron iyaka, aka tsananta karɓar hatsi da dabbobi da mutane. Mu kuwa iyakar nan a bakin gonarmu take. Tsakanin 1906 da 1908 ne Kaftin Tilo na Faransa da Manjo Oshi na Ingila suka bi suka kafa alamun da muke ce wa tangaraho, suka ratsa ƙasar da dā ɗaya ce. Sarautar Magarya reshe ce ta gidan Daura, tun bayan da jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birninsa. Dungas da Waca kuwa ƙasar Tsotsebaki ce. Mutumin nan in ya tafi Zango ko Ɓaure ko Babura ko Maigatari, wajen kawunsa ya tafi. Wani Ba'amurke, William Miles, ya rubuta littafi a 1994 a kan Yekuwa ta wajenmu da Yardaji ta wajen Daura, yana nuna yadda mulkin Faranshi da na Ingilishi suka bambanta gari biyu masu harshe ɗaya. Abin da ya ɗauki littafi guda yana bayani, kakanninmu da ƙafarsu suka auna shi cikin dare ɗaya.

Saura kundi na uku, kuma shi ya rufe bakin mai gardama. A gidan wa na tsakiya, can ƙasa, an ƙara wata tsohuwa da wani irin tawada dabam, an yafe mata biya saboda tsufa, a gefe an sa ta zo daga Nijeriya. Sunanta da sunan ubanta daidai da na matar da kundi na biyu ya kashe. Watau gwamnati ta binne ta a takarda, bayan shekara kamar ashirin ta sake rubuta ta da rai, ba wanda ya lura. Kaka ta ce ƙwarai, ta dawo ita kaɗai, ta ce ba za ta mutu a ƙasar mutane ba, ta yi damina uku ta cika, kabarinta na tsohuwar maƙabarta gabas da kuka. Muka buga wa tela waya, ba mu gaya masa kome ba tukuna, muka ce ina uwar kakanku ta ƙare? Ya ce abin da ubansa ya gaya masa, ta koma Faranshi ganin gida ba ta dawo ba.

A can gefensu ba su sami abu mai yawa ba. Nijeriya ta yi ƙidaya a 1931, da 1952 zuwa 1953, da 1963, da 1991, da 2006, ban da na 1962 da 1973 da aka soke saboda rigimar adadi, amma su ma adadi suke bugawa. Masu suna su ne takardun harajin En'e, waɗansunsu na gidan adana takardun tarihi na Kaduna, haraji kuwa Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a jihar Kano a 1979. Tela ya tono rasit biyu na harajin kakansa, a ciki an ce mutumin Ɓaure ne. Wannan ma ba ƙarya ce ta banza ba: wanda ya gudo daga Faranshi ba zai tsaya gaban mai unguwa ya ce daga Faranshi yake ba. Abin da ya fi rasit amfani shi ne wata ƴar takarda cikin gafakar ubansa, inda ya rubuta da ajami sunan ubansa da na kakansa da na kakarsa. Sunayen uku sun faɗa daidai kan na kundinmu. Malaman allo, Allah ya saka muku. Rubutunku ba don lanho aka yi shi ba, shi ya sa bai ɓoye kowa ba.

Yanzu maganar gona, tunda ita ce ke cikin zukata. Kwamitinmu bai yanke kome ba, kuma ba aikinsa ba ne. Kundin ƙidaya ya nuna wane ɗan wane ne, bai nuna gonar wane ce ba, ko layin gona babu a cikinsa. Rabon gado na malamai ne da alƙali, sulhu na maigari ne da sarki, kuma tun dokar ƙasar noma ta 1993 akwai kwamitocin filaye da aka kafa don irin wannan. Tela dai ya ce da bakinsa, gaban mutum shida, bai zo neman ko taki ɗaya ba. Ɗiyarsa zai aurar, dangin mijin suna tambayar asalinsu, shi kuwa ya gaji da cewa Ɓaure alhali ba shi da kowa a Ɓaure. Mun gaskata shi. Amma ba mu ga laifin mai tsoro ƙwarai ba: gonar da maza uku suka gada yau gida goma sha ne ke ci daga cikinta, kowa ya san yadda ƙasa ta yi mana kaɗan. Abin da muka ce wa gidan shi ne, tsoron gona dalili ne na a zauna a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, amma bai isa a ce wa jini ba a san shi ba. Har yanzu ba su ba mu amsa ba.

Akwai wani abin da ya wajaba mu faɗa gaban iyayenmu. Mai tonon asali yakan tono abin da bai nema ba. Cikin kundin nan da bakin tsofaffi mun ci karo da auren da aka ɓoye, da ɗan riƙo da aka rubuta ɗan ciki, da gidajen da kakanninsu ba da son ransu suka zo garin nan ba. Mun yi alkawari mu huɗu, abin da ya shafi gida, gidan kaɗai za a gaya wa, in sun tambaya. Wanda ya ɗauki irin wannan magana ya kai ta dandali ko ya sa ta a waya don ya ƙasƙantar da wani, ba da yawunmu ba, kuma ya tuna tun 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka.

Gidan maƙera ba su kaɗai ba ne. Da muka ƙirga jan layi cikin kundi na biyu, mun ga gidaje da dama da aka kashe wa samari a takarda, kuma ba mu tsammanin duka mutuwa ce. Kafinsu akwai waɗanda yunwar Kakalaba ta kora a 1913 da 1914, da waɗanda suka bi gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da waɗanda suka kama hanyar Makka a ƙasa suka tsaya noman auduga a Sudan. Bayansu akwai waɗanda Gana ta koro a 1969, da waɗanda Nijeriya ta koro a 1983, da waɗanda suka watse a yunwar 1984, wadda muka sa wa sunan Buhari don ya rufe iyaka. Na yau kuwa arewa suke yi, Libiya da Aljeriya, kuma sawunsu ya fi na Ƙane saurin ɓacewa. Ba mu manta da mutum 92, yawancinsu mata da yara daga wajen maƙwabtanmu na Kance, da ƙishirwa ta kashe cikin hamada a Oktoba 2013 ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Duk gidan da ke da tsohon katin iyali, ko rasit na lanho, ko takardar soja, ko ajamin haihuwa, ya kawo lakwal ranar da ba karatu. Hoto kawai za mu ɗauka da waya, mu mayar wa mai shi a take, ko kwana ba za ta yi wajenmu ba. Kundin nan uku mun riga mun ɗauki hotonsu shafi shafi, mun sa kofi wajen mutum uku, ɗaya a Damagaram. Muna so ƙungiya ta ba mu kuɗin mota mutum ɗaya ya je gidan adana takardun ƙasa a Yamai, ya duba rahotannin rangadin kwamandojin Magarya, don mu sa wa kundin farko shekararsa. Ma'aji ya ce a kawo maganar gaban taro, ga ta mun kawo. Ku kuma ƴan ci-rani, kowa kafin ya koma ya tsaya wajen malamin maigari ya ba da sunan matarsa da na ɗiyansa da unguwar da yake zaune, da sunan da ake kiransa da shi can in ya bambanta da na gida. Mun buɗe sabon kundi don wannan, ba lanho a cikinsa, ba kuma za a kai shi biro ba.

Tsofaffin da suka haura shekara 80 a garin nan mun ƙirga su, ba su cika yatsun hannu biyu ba, biyu kuma sun rasu tun da muka fara aikin. Za mu bi sauran ɗaya ɗaya kafin shuka, da izinin ƴaƴansu. Tela kuwa ya aiko cewa zai zo bayan kaka da ɗiyar tasa, yana so a kai shi gabas da kuka. Kaka ta ce ko a baro aka ɗora ta, ita za ta nuna wurin.